Buta ta dawo Bakura, kai ba ka dawo ba

Zuwa ga jikana Sahabi, mijina na wasa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta addinin Musulunci, ina gaishe ka da sanyi, ina gaishe ka da baƙunta, ina gaishe ka da kaɗaici. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta koya mana cewa daga nan sai a rubuta ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Na rubuta, na tsaya ina kallonsa, na soke. Mu dai muna nan. An fara yankan shinkafa. Akuyar nan mai satar dusa ta haifi biyu.

Ni ce Kulu, uwar ubanka, wadda kake kira Tsohuwa. Rabi ƙanwarka ta ce za ta ɗora takardar ga a shafinka, inda abokanka ke ta rubuce-rubuce wata biyu ke nan. Su karanta, ba ruwana. Da kai nike magana.

Ranar da ka kira daga Kirgistan ɗin nan taku ka ce an yi hutun makarantar likitanci, kuma kai da Murtala abokinka na Maradun za ku bi wasu masu hawan dutse tafiyar kwana bakwai, na tambaye ka mi anka ajiye a saman. Ka ce ba komai, kallo ne. Na ce ga duwatsu nan birjik hanyar Maradun, awaki na hawa kullum, ba wanda ya taɓa yi masu barka. Ka yi dariya har wayar ta dinga kakkatsewa.

Kullum da la'asar, in kun samu inda waya ke kamawa, sai ka aiko da murya. Ina da su duka.

Rana ta farko ka ce dawakai ne ke ɗauke da kayanku, ku kuna biye a ƙasa. Na ce ban taɓa jin wautar da ta kai wannan ba, ga doki ga mutum, kaya ne bisa. Ka ce ku takwas ne da ja-gora biyu, babban cikinsu dattijo ne Musulmi, tare kuke salla, shi yana gaba. Ka ce kowa yana kwana cikin tanti, a cikin wani buhu mai zif har wuya. Na ce to ango, ka bar katifa ka koma shinkafa, saura a ɗinke bakin a kai ka kasuwar Mafara.

Rana ta biyu kunka isa wani tafki. Ka ce shuɗinsa ya fi bula, kuma ana ganin duwatsun da ke ƙasansa ɗaya-ɗaya. Ka ce ruwan madatsarmu ta Bakalori kusa da shi kamar kunu ne. Na ce ƙarya kake, kuma ko gaskiya ce, ruwan Bakalori shi ya ciyar da kai har ka yi ƙafar hawan dutse. Ka ce ka sa hannu za ka yi alwala, yatsunka sunka ƙi lanƙwasuwa, dattijon ya ɗuma maka ruwa a tukunyar shayi.

Rana ta uku dawakan sunka koma, kowa ya goya kayansa. Ka ce kun taka ƙanƙara. Ba irin wadda ake fasawa da azumi a jefa cikin fura ba. Ka ce gulbi ne guda ya daskare tun kafin a haifi kakan kakana, yana kwance tsakanin duwatsu biyu, kuma wai tafiya yake yi, a hankali, ido ba ya gani. Ka ce an ɗaura maku ƙarfe mai haƙora a ƙasan takalmi, an kuma ɗaure ku da igiya ɗaya ta ƙugu. Na ce madalla, haka ake kai tumaki kasuwa.

Ta huɗu ita ce ta ƙarshe. Numfashinka na fita sama-sama. Ka ce, “Tsohuwa, kada ki kuskura ki mutu ban dawo ba. Ni zan kama makararki ta gaba, hannun dama, in gani ko surutu na da nauyi.”

Na aika maka cewa ka jira, sai na ga furfurarka. Rabi ta ce saƙon bai shiga ba. Har yau alama ɗaya gare shi.

Sauran labarin Murtala ya kawo shi da ƙafarsa. Ya zauna tsakar gida kan tabarmar da kake zama, ya buɗe jaka, ya fiddo buta ya ajiye gabana. Koriyar nan ce mai zane, wadda na sa maka cikin kaya da hannuna shekarar da za ka tafi karatu, kana cewa za a yi maka dariya a filin jirgi. Ashe har saman dutse ka tafi da ita, rataye bayan jaka. Ya ce duk ayarin sun san ta.

Na sa ya faɗa mini sau uku. Ga abin da na riƙe.

Rana ta huɗu da yamma kunka sauka bisa ƙanƙarar. Kafin a kafa tanti ko ɗaya, dattijon ya ɗauki dogon sanda ya zagaya yana soka ƙasa, taki bayan taki, sannan ya kakkafa ’yan tutoci ya kewaye wurin. Ya ce cikin tutoci kowa na iya kwance igiya. Bayan tutoci kuwa ko hula iska ta kai, a bar ta. Ya ce ƙanƙarar a tsattsage take, wasu tsagogin sun fi rijiya zurfi, kuma farin nan da ke zuba daga sama yana rufe bakinsu kamar an shimfiɗa tabarma kan rijiya. Ya faɗa da Turanci, ya sa kowa ya maimaita. Kai ma ka maimaita.

Wurin kewaya ma cikin tutocin anka yi shi. Wani ɗan ƙyalle ne anka kafa da sanda biyu, bai kai ƙugu ba, taki kaɗan daga inda ake dafa shayi. Kuma akwai mata uku cikin ayarin.

Da hantsi, rana ta biyar, ana shan shayi ana haɗa kaya. Ka ɗauki buta. Murtala ya ce ya gan ka ka tsaya, ka dubi ƙyallen, ka dubi matan da ke zaune daf da shi. Sai ka juya ka tsallake tuta, ka nufi bayan wani tudu. Ya ce bai kira ka ba. Ya ce wallahi Inna ban ma ga laifi ba, don da ni ne haka zan yi.

Ba wanda ya ji ƙara. Da kunka ƙi cika takwas anka bi sawunka. Sawun ya ƙare a bakin rami, buta na gefe, ko ruwan bai zube ba. Kwana uku ana nema. An zura mutum da igiya har igiyar ta ƙare, an ƙara wata. Ya ce daga can ƙasa tsagar ta matse ta karkace, ba a jin komai sai gudun ruwa.

Sahabi, ni na koya maka.

Kana shekara huɗu na kama ka tsugune bakin zaure. Ban buge ka ba, da ma bugun na yi. Waƙa na yi maka. Na sa maka suna Sarkin Zaure, duk baƙon da ya shigo sai na ba shi labari da kwaikwayo, har da yadda ka ɗaga riga. Shekara guda ina yi. In mun je fadama kuwa ka ce za ka kewaya, sai in ce wuce, ƙara gaba, ina ganin hularka, wuce. Sai ka ɓace cikin dawa nike yin shiru. Nakan ce maka ɗan mutunci ba ya tsugunawa inda ido ke kaiwa. Ka ji magana. Duk jikokina ba wanda ya ji ta kamarka.

Ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce. Ka san in mutum ya daɗe zaune kan ƙafa, ya tashi ya taka, ya ga tana taka ƙasa amma ba tashi ba ce? Haka jikina duka yake. Ina cin tuwo, ban san ko da gishiri ba. Mata sun zo jaje daga Mafara, daga Tsibiri, har da dangin uwarka na Jangebe, ɗaki ya cika, sai na ji bakina ya kama ba su labarin akuyar nan da ta shige rumbu ta ƙi fita. Bakin ya saba, shi kaɗai ya tafi. Ba wadda ta yi dariya. Na ji wata na raɗa cewa tsohuwar ta taɓu. Ban ji haushi ba. Na nemi haushin ban same shi ba.

Ga inda maganar take. Tun sati na biyu ubanka da Liman sunka ce a yi maka salla irin wadda ake yi wa wanda babu gawarsa, a yi sadaka, a rufe. Na ce a’a. Ubanka bai taɓa tsallake maganata ba, sai ya sunkuyar da kai ya fita. Uwarka kuma tana nan tsakani, ba ta karɓi gaisuwa ba, ba ta daina caza waya ba. Ta rame har zobenta na faɗuwa. Na san ni na riƙe ta a wurin, ina kallo.

Kai ka san aikina. Shekara talatin duk macen da ta rasu unguwarmu ni ake kira. Na san ɗumin ruwan da ya dace, na san inda ake farawa, na san yadda ake juya mutum ba a kware shi ba. Na wanke waɗanda nike so, na wanke waɗanda ba mu ga maciji da juna. Ban taɓa bari an kai wata da ƙarancin sutura ba. To ni ce za a ce jikana yana kwance cikin sanyi da rigar leda da takalmi mai haƙora, ba wanka, ba likkafani, fuska ko’ina ta duba, a ce mini an yi salla an gama? Bakina ya kasa cewa to.

Shekaranjiya Murtala ya dawo da saƙo. Dattijon ne ya kira shi, ya ce a gaya wa kakar yaron. Ya ce gulbin nan na ƙanƙara da ke tafiya, inda yake ƙarewa shi ne bakin tafkin da kunka kwana rana ta biyu. Can yake narkewa. Abin da ya haɗiye a sama, yakan ajiye shi a can, wani lokaci ma ba ya taɓa shi, sanyi na tsare mutum yadda yake. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba. Ya ce in ma za a yi, shekaru ne, wataƙila goma, wataƙila ashirin ko fiye. Amma shi da ’ya’yansa ba bazarar da ba su bi ta bakin ruwan, kuma garinsu na gindin dutsen, da masallaci da maƙabarta.

Na lissafa shekaruna. Ba sai na gaya maka ba, kai ne kullum ke ƙara mini biyar.

Jiya da safe na buɗe adaka. Ka san abin da ke can ƙasa, kai da ka sha binciken kayana kana neman alewa. Farin yadin da na sawo a Makka, na tsoma cikin Zamzam na shanya, na naɗe da turare tun kana goye. Ka taɓa warware shi kana cewa wanga ya yi wa guntuwar mace yawa, in rage maka ka yi riga. Na bi ka da muciya. To ga shi nan duka. Ban yanka ba. Suturar mace ta fi ta namiji yawa, don haka zai ishe ka duk tsawon ƙafafun nan naka. Na auna da kamu, har da saura.

Murtala zai koma makaranta sati mai zuwa, shi zai kai wa dattijon hannu da hannu. Na sa shi ya zauna da biro, ina faɗa yana juyawa da harshensu. A ajiye inda danshi ba ya kaiwa. In ajalin dattijon ya riga zuwa, ya bar wa babban ɗansa, ya gaya mashi na wane ne: Sahabi, mutumin Bakura, mai buta. A ɗuma ruwan, ya sha sanyi ya isa. A fara da dama. A kwantar da shi ya dubi alƙibla. Murtala ya ce Inna ai su ma Musulmi ne, sun san wannan. Na ce rubuta dai. Na ƙarshe na sa ya ja layi ƙarƙashinsa: a kafa labule mai tsawo, kada kowa ya tsaya kallo sai masu wankan. Yaron mai kunya ne.

Ni kuwa in lokacina ya yi, ubanka ya shiga kasuwar Mafara ran Talata ya yanko alawayyo. Ba zai ƙi rufe ni ba.

Daga nan na aika anka kira uban naka. Na ce a gaya wa Liman a yi maka sallar, Jumma’ar ga bayan an sauko. Ya kama hannuna. Uwarka da ta ji ta shiga ɗaki, na ji kukanta ta bango, irin wanda ya daɗe yana neman hanya. Ni na zauna ina tsince wake. Na gama kwano guda, na ɗauko wani.

Butar tana wurina. Da ita nike alwala yanzu. Bakinta ya ɗan tsage, tana ɗiga, ban bari an liƙe ba.

Batun makara, ka saɓa alkawari. Na yafe. Kai ma ka yafe mini waƙar.

Allah Ya jiƙan ka, Sahabi. Allah Ya ɗuma makwancinka, Ya yalwata maka inda ya matse, Ya sa haske inda rana ba ta kaiwa. Yadda ka ɓoye jikinka daga idon mutane, Allah Ya rufa maka asiri ranar da ba labule. Allah Ya ba dattijon nan da zuriyarsa tsawon rai da kaifin ido. Allah Ya sanyaya zuciyar uwarka, ni kuma Ya maido mini da tawa ko da ciwo ne. Amin.

Ka huta lafiya. Ba sauri, yadin ba ya lalacewa.

Ni ce tsohuwar da ka tafi ba ka sallama ba,
Kakarka Kulu,
Bakura.