Kujerar da Ta Kori Mahaifina Daga Zaurensa

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ta raba wa marasa lafiya kujeru a Daura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ɗan ɗaya daga cikin tsofaffin da kuka ɗauki hotonsu ne ranar rabo. Mahaifina tsohon dillalin shanu ne, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye bara. A ranar na yi godiya. Yau raina a ɓace yake.

Na ɗaya, tsayin kujerar da kuka ba shi. Shekara da shekaru Baba a zaure yake cin tuwo da wansa, Baffa, tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Muka ɗora shi kan kujerarku, sai ga gwiwoyinsa daidai fuskar wansa, hannunsa ko kusa bai kai akushin ba. Wanda ya zana ta bai taɓa zama a zaure ba, da ya san ƙane ba ya hawa sama wansa na ƙasa.

Na biyu, kamanninta. Farin ƙarfe irin na gadon asibiti, rami a tsakiya, bokiti a ƙasa kowa na gani, a baya kuma sunanku da jan fenti har da kalmar nakasassu. Mutumin da ake tasowa daga Zango da Mai'adua don jin shawararsa kan saniya, shi za a tarar zaune kan bokitin bayan gida?

Na uku, wata Juma'a kunya ta ishe shi, ya yunƙura zai sauko tabarma, ya faɗi gaban baƙi, hula ta yi gefe. Tun ranar bai ƙara leƙa zaure ba. Sau biyu ina zuwa ofishinku, aka ce iri ɗaya aka yi wa kowa, in gode Allah. Baffa kuwa kullum sai ya zo, ya ci rabin tuwon, ya rufe sauran.

Roƙona, ku sa kafintocinmu su yi gajeruwa ta katako, mai majingina da madafa, dukawa su lulluɓe ta da jar fata yadda dattijo zai so a gan shi a kai. Ta bokiti a bar ta ɗaki. Sunanku ya koma ƙarƙashi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ran da tsufanka ya zo a tambaye ka kafin a zaunar da kai.

Wassalam.
Ɗan mai zauren, Daura.