Kwalaben da Ka Kira Shara

Osaka, watan Oktoba

Zuwa ga ɗana Minoru,

Ina gaishe ka gaisuwar uwa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Setsuko da yaran. Nan zafi ya ragu har mun fara fito da barguna, na kuma san ku can cikin duwatsun Matsumoto sanyi ya riga ya kama ku. Kowace safiya idan na ajiye shinkafa da shayi a gaban hoton marigayi babanka, sai na yi muku addu'a ɗaya bayan ɗaya, in roƙa muku lafiya da tsawon rai, musamman ƙaramar da ƙirjinta ba ya son sanyi. A riƙa sa mata rigar ulu ko da za ta yi kuka. Mu nan lafiya lau. Gwiwata tana nan yadda ka san ta, ranar da za a yi ruwa ita ke fara sanar da ni. Ƙanwarka Fusako cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, mijinta kuwa sai ƙiba yake yi kamar shi ne zai haihu.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar da labari ya fito cewa kamfaninku mai ƙera jitar kiɗa ya sayi kamfanin Kurahashi, hankalin kowa a unguwar nan ya tashi. Ka san rabin gidajen layinmu da amfilifayar Kurahashi, na'urar nan mai ƙara sautin kiɗa, suke cin abinci, babanka ma a kan teburin aikinsu ya ƙare ƙarfinsa yana liƙa dalma. Amma da aka ji kana cikin waɗanda za a turo su duba wurin, sai hankali ya ɗan kwanta. Mutane suka riƙa tare ni a kasuwa suna cewa ai an turo ɗan gida, ba za a wulaƙanta mu ba. Ni kuwa har kifi mai tsada na saya, na zaci za ka kwana a ɗakinka. Ka zo, ka sauka a otel tare da shugabanka Aoyagi, ka leƙo ni a tsaye da takalminka a ƙafa, ka koma. Na san aiki ne. Sai bayan tafiyarka Genzo, babban ma'aikatan, wanda babanka ya koya wa aiki, ya zo har gida ya faɗa mini abin da ya faru.

Ya ce kuna zagaya masana'antar sai shugabanka ya buɗe ɗakin baya, ya ga akwatunan katakon nan cike da matattun kwalaben amfilifaya, ƙananan ƙwayayen gilashin nan da ke kamawa da wuta a cikinta, kowacce a kwance kan auduga. Ya taɓa ɗaya da ƙafa ya tambayi mene ne wannan. Genzo ya buɗe baki zai yi bayani, sai ka riga shi. Ka ce shara ce da tsofaffi suka manta ba su zubar ba, za ka sa a kwashe. Washegari kuwa ka kira Tokuji ɗan gwangwan ya loda su a motarsa. Genzo ya ce har muryarka ka canja, ka yi magana irin ta masu karanta labarai a talabijin, kamar ba a bayan gidan wankan unguwar nan aka haife ka ba.

Minoru, da baƙo ne ya faɗi haka da ban damu ba. Amma kai ka sani. Ka san duk amfilifayar da mawaƙi ya dawo da ita gyara, kwalbar da ta gama ci har ta mutu ba a jefa ta a kwandon shara. Goge ta ake yi a kwantar da ita, sai ƙarshen wannan wata malamin haikali ya zo, a jera su a gaban ma'aikata, a yi musu godiya saboda sun ƙone kansu don wani ya yi waƙa, mu kuma mu ci abinci, sannan a kai su wurin mai narka gilashi. Wace shekara ce ba ka ci wainar wake a wannan taro ba? Na bana kuma shi ne na ƙarshe da za a yi da sunan Kurahashi. Na fahimci abin da ya same ka. Shugabanka ya riga ya taɓa su da ƙafa, ka ji idan ka ce abin girmamawa ne ka kunyata shi a gaban na ƙasa da shi, ka kuma ji tsoron kada ya ɗauke ka ɗan ƙauye. Na fahimta, amma ban yarda ba.

Ga abin da ya biyo baya. Genzo da duk masu naɗa wayar taransifoma sun ce ba za su koma ƙarƙashin kamfaninku ba. Genzo ya ce gara ya je ya riƙa gyaran rediyo a ƙarƙashin gada, domin wanda ya kira kwalbar da ta gama aiki shara, gobe abin da zai kira shi ke nan idan idonsa ya mutu. Kada ka yi fushi da Fusako, ni na matsa mata har ta faɗa mini abin da ka ce mata a waya: cewa saboda hannun mutanen nan aka sayi kamfanin, kai kuma aka ɗora wa alhakin riƙe su, idan suka tafi naka aikin ya ƙare. Tun daga ranar ba na iya cin abinci sosai. Ina tunanin yaranka da gidan da kuka shiga bara. A gidan wanka kuma matan layinmu suka fara janye kwanukansu idan na zauna. Haruyo matar Genzo, wadda ka san bakinta, ta ce da ƙarfi don in ji, wai a matsa wa uwar manaja wuri kada a fantsa mata ruwan talakawa. Na gama wankana na fita.

Da gari ya waye na sa tsohon wandon aikina na tafi filin Tokuji. Ya riga ya juye akwatunan a kan tarin ƙarafa, ruwan sama ma ya dake su. Da na ce masa kwalaben nake so, ya yi dariya har ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya ce tun da yake sana'ar nan bai taɓa ganin ɗa ya zubar da safe uwa ta zo tsinta da rana ba, wai idan haka za mu riƙa yi shi ya samu gidan ciniki. Na ce masa ya rage surutu ya ba ni safar hannu. Da yawa sun farfashe. Waɗanda suka tsira na riƙa zaro su daga tsakanin ƙarafa ina sawa a kwandon kasuwa, na yanke a yatsa amma ba sosai ba, ya ma fara warkewa, kada ka damu. Ina cikin haka rana ta biyu sai ga Haruyo da nata kwandon. Ba ta gaishe ni ba. Cewa ta yi wai ta zo ne don kada tsohuwa mai gwiwa ɗaya ta faɗa cikin ƙarafa a ce unguwa ce ta kashe ta. Har muka gama tana zagin ka, ni kuma ina jin ta, domin hannunta bai tsaya ba. Yanzu kwalaben suna ɗakinka, mun wanke su mun goge, na ɓarke tsohuwar katifa na shimfiɗa musu audugarta.

Na je na sanar da Genzo, na durƙusa na ba shi haƙuri a madadinka. Ya yi sauri ya ɗaga ni, ya ce, Yaya, kada in ƙara yi masa haka, matar maigidansa ba ta durƙusa masa. Ya ce ya gode da wahalata, za a yi taron a ranarsa, amma ba bakina ne ya yi maganar ba. Sharaɗinsa ɗaya ne. Bakin da ya ce shara ya zo ya warware maganarsa a gaban ma'aikata, kuma a gaban wanda aka faɗa don a burge shi. Idan kai da Aoyagi kuka zauna a taron nan, ka faɗa masa da bakinka mene ne kwalaben, kuka sunkuyar da kai tare da kowa, shi da mutanensa za su zauna su yi wa kamfaninku aiki yadda suka yi wa Kurahashi. Na ce masa za ku zo. Ya tambaye ni ko kai ka faɗa mini haka. Na ce a'a, ni na haife ka.

Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Sai ka shiga ofishin shugabanka ka ce masa ka san gaskiya ka ɓoye, shi kuma ya gane ƙafarsa ya sa a kan abin da mutane ke girmamawa. Wataƙila ya yi maka faɗa, wataƙila ya daɗe bai kalle ka da fara'a ba. Amma shi ma mutanen nan yake buƙata, kuma mai yin jita ba zai kasa gane godiya ga kayan aiki ba idan aka yi masa bayani a hankali. Ka same shi shi kaɗai, kada ka yi a gaban mutane. Ka kuma yi maganar da muryarka ta gida.

Idan ba za ka iya ba, ni zan yi. Da hannuna na rubuta wannan takarda, ban ba Fusako ba don na san za ta sassauta kalmomin, shi ya sa ka ga layukan sun karkace. Malamarmu ta ajin manya ta ce yanzu karatuna ya kai in karanta sunayen tashoshi, ta kuma nuna mini inda ake sauya jirgin ƙasa a Nagoya idan za a je Matsumoto. Ban taɓa wuce Kyoto ba. Amma idan Lahadi ta wuce ba ka kira shagon mai shinkafa ka bar mini saƙo cewa ka yi magana da shi ba, Litinin zan ɗauki akwati ɗaya na kwalaben in hau jirgi. Zan zauna a ƙofar kamfaninku har Aoyagi ya fito, in gaya masa ni ce uwar Minoru, in buɗe masa akwatin in yi masa bayani da irin maganarmu ta bayan gidan wanka. Ba don in kunyata ka ba ne. Na gwammace ka yi shekara kana fushi da ni da in ga ka rasa aikinka da unguwarku a wata ɗaya.

Ka gaishe mini da Setsuko, ka ce na gode da tuffar da ta aiko, na raba wa maƙwabta. Ka shafa mini kan Kenta da Michiru. Fusako da mijinta suna gaishe ku, haka kawunka Sadao, wanda har yanzu bai san komai ba, ba na kuma so ya sani sai an gama. Ka zo da baƙar kwat ɗinka. Na riga na gaya wa mai wainar wake ya ƙara ta mutum biyu.

Mahaifiyarka,
Kinu