Hannun Baba da Ƙafar Malalaci

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwa irin ta ƙanwa ga babban wanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka duka. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a neman da kake yi, ya sassauta maka sanyin nan da kullum kake kuka da shi. Mu nan lafiya lau muke, sai abin da ba a rasa ba. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, ta ce in gaya maka tabaran da ka aiko sun yi mata daidai, har yanzu tana ganin ƙurar da nake bari a bayan ƙofa. Matar Auta cikinta ya shiga wata bakwai, ƙafafu sun kumbura, amma baki bai mutu ba. Baba kuma da sauƙi, alhamdulillahi. Wata biyar ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, yanzu yana iya zama da kansa, yana cin abinci da hagu, magana tana fita kaɗan-kaɗan. Ni na fi kowa gane ta, shi ya sa na zama bakinsa a gidan nan.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne na san halinka. Da an ambaci doki sai ka ce layi ba ya kyau, ko an kira ka wurin aiki. To ita takarda ba ta katsewa, Yaya, sai dai ka yaga ta, kuma na san ba za ka yaga rubutuna ba.

Maganar dokinmu Malalaci ce. Ba ka taɓa ganin sa ba sai a hoton da ke bangon ɗakin Inna. Baba ne ya sa masa sunan tun yana ɗan duƙushi a wurinmu, don sai an tashe shi yake tashi, ko abinci a kwance yake so ya ci. To wannan malalacin shi ne ya lashe tsere shida a jere, shi ne zakaran bara, Auta kuma shi ke hawan sa. Yau saura mako biyar a yi babban tseren kofin zakaru, wanda Baba ya shekara arba'in yana nema bai samu ba. Mako uku kafin shi akwai wani ƙaramin tsere na share fage, wato ranar Asabar ta sama. A kan wannan ƙaramin tseren ne Baffa da Auta suke ja-in-ja, har gidan ya zama ba daɗin zama.

Baffa, wanda barga ta koma hannunsa tun da Baba ya kwanta, ya kafe a kan sai dokin ya yi tseren share fagen. Ya ce zakara ba a ɓoye shi a ɗaki kamar ƙwai. Wai sukuwar gida wasa ce, doki ba ya buɗe huhunsa sai ya ji numfashin wani a kunnensa, balle wannan da lalaci ke cikin jininsa, in aka bar shi mako biyar yana cin dusa zai fito fili da tumbi kamar na Baffan kansa. Yakan tuna mana shekarar da suka hutar da wani ingarma wata biyu suna lallaɓa shi, ranar tsere ya zo na biyar yana haki. Ga shi babban abokin karawarmu ya riga ya fita sau biyu a watan nan, duk ya ci. Ba zan yi wa Baffa ƙarya ba, maganarsa ba ta banza ba ce, kuma son Baba ne ke sa shi. Yana so ya ɗora kofin nan a cinyar wansa tun yana da idon gani.

Auta kuwa ya ce sam. Ya ce tun kwana goma da suka wuce, duk sanda suka shiga kwana ta hagu, yana jin dokin yana rage taku, ɗan kaɗan, wanda mai kallo ba zai gani ba sai wanda ke kan sirdi. Shi so yake a bar tseren share fagen, a riƙa tafiya da shi cikin yashi da safe, a tsayar da shi cikin ruwan sanyi, sukuwa mai ƙarfi sau ɗaya tak kafin babbar rana. Ya ce ƙafar doki tana da iyakar gudun da za ta ɗauka, bai ga dalilin ƙarar da shi a tseren da ko sunan wanda ya ci ba a tunawa ba. An kira likitan dabbobi, ya matsa, ya lanƙwasa, ya sa an yi sassarfa da shi a gabansa, har hoton ƙafar ya ɗauka. Ya ce shi dai bai ga komai ba, amma rashin ganinsa ba ya nufin babu. Ka ji likita, ya ba kowa gaskiya ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Shekaranjiya abin ya kai inda ban so ba. Muna cin abinci a tsakar gida, Baffa ya ce ba ƙafar doki ce ke ciwo ba, zuciyar mahayi ce, wai tun da matarsa ta samu ciki Auta ya fara ganin ƙasa da nisa. Yaya, da ka ga fuskar Auta. Ya ajiye cokali ya fita. Matarsa tana jin su daga ɗaki, na same ta tana kuka, ta ce ita ba ta taɓa hana shi hawa ba. Daga baya Auta ya ce mini zai hau, ko da ƙafa uku dokin yake zai hau, tunda abin ya zama haka. Ka ga inda muka kai, wanda ya ce kada a yi shi ne yanzu ba mai iya hana shi.

Ka san yadda ake yanke irin wannan magana a gidanmu tun kafin a haife ni. Ba a gardama. Baba ne zai shiga barga da sassafe kafin a fito da doki, ya tsuguna, ya rufe ido, ya bi ƙafa da tafin hannunsa na dama daga gwiwa zuwa kofato, sannan ya koma ɗaya ƙafar ya gwada. In ya ji ɗumi a jijiya, ko ɗan kaɗan ne da ya fi na 'yar'uwarta, ya miƙe ya ce a mayar da sirdi, shi ke nan. In bai ji ba ya daki wuyan dokin ya ce a je. Baffa bai taɓa koyon wannan ba, shi ɗan agogo ne da ƙirgen daƙiƙa. Auta kuma gwiwarsa ce ke ji, ba hannunsa ba.

Jiya da safe na gaji, na tura Baba a kekensa har barga. Malalaci yana ganin sa ya sunkuyo yana shinshinar hularsa. Baffa da Auta suka tsaya, kowa ya kama bango ɗaya. Na ɗauki hannun daman Baba na ɗora a kan ƙafar, na riƙe masa, ina jan sa a hankali har ƙasa. Ya girgiza kai, hannun nan ko wuta aka sa masa ba ya ji. Sai ya miƙa na hagu. Ya daɗe, ido a rufe, ya taɓa wannan ƙafa ya taɓa waccan, ya sake dawowa. Da ya buɗe ido sai na ga hawaye. Ya ce bai sani ba. Ya ce hagun baƙo ne, bai taɓa koya masa ba. A rayuwata ban taɓa jin Baba ya ce bai san wani abu game da doki ba. Baffa ya ce to tunda bai ji komai ba, babu komai ke nan. Auta ya ce ba haka ya faɗa ba. Suka juyo kaina wai in fassara, kowa yana zargin ina karkata maganar wajen ɗan'uwansa. Me zan fassara, Yaya? Bayan sun fita ni ma na tsuguna na taɓa. Ƙafa biyu na ji, duka da ɗumi, duka da gashi. Na zauna a kan buhun dusa na yi kukana.

Na san abin da ya raba ka da barga, ko da yake ina ƙarama a lokacin. Na tuna baƙar goɗiyar nan, da safiyar da ka taɓa ƙafarta ka ce akwai ɗumi, Baba ya taɓa ya ce babu, aka fita da ita, ta karye a kwana ta ƙarshe, aka ƙarasa ta a gaban jama'a. Shekara goma sha huɗu ba wanda ya ƙara ta da zancen. To jiya da muka dawo ɗaki, ina shafa masa mai a hannun, Baba ya ta da shi da kansa. Kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa, sai da na maimaita masa ya gyaɗa kai. Ya ce ranar nan shi ma ya ji ɗumin. Ya ce son kofi ne ya sa ya ce babu. Ya ce mutum ɗaya ya koya wa hannun nan a duniya, kuma shi ya kore shi da bakinsa. Sannan ya ce in rubuta maka, ba magani yake so ka aiko ba, ba kuma kaya ba, aron hannunka yake roƙo, na safiya ɗaya.

Ban san ko za su ba ka hutu a wurin aiki ba. Ban san ko hannun da ya shekara goma sha huɗu yana ɗaure kusoshi a masana'anta yana tuna jijiyar doki ba. Ban ma san ko takardar nan za ta riga Asabar ɗin isa gare ka ba. Abin da na sani, Baffa ya riga ya ba da sunan Malalaci, Auta ya goge sirdinsa, ni kuma ba mai jin maganata a cikinsu. Ina tsoro ƙwarai, ba na dokin kaɗai ba.

Ka gaida maiɗakinka da kyau, ka ce mata na gode da turaren. Ka shafa mini kan 'yan biyu da 'yar autarku mai sunan Inna. Inna tana sa muku albarka, Gwaggo tana gaishe ku, matar Auta ma haka. Baffa da Auta ba su san na rubuto ba. Baba bai ce in gaishe ka ba, saƙonsa shi ne wanda na riga na faɗa maka, kuma tun ɗazu yake tambaya ko na gama.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran ka a bakin barga.