Macijin Jan Ƙarfe na Fond Balizier

Daga:
Euphrasie Delsol (Ma Frazi),
Gida mai lamba 23, Sabon Matsuguni,
Morne Lazare.

Litinin, 18 ga Yuli, 2016.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Sake Tsugunar da Mutanen Fond Balizier,
Ofishin Kwamiti,
Morne Lazare.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘWACE DA DATSA BUTUTUN TUKUNYAR MAN BWADEN DA JAMI'IN KWAMITI YA YI RANAR ALHAMIS, 9 GA YUNI, 2016

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, ina mai neman izini in gabatar da kukana a gabanka. Ni ce matar marigayi Cuthbert Delsol, ɗaya daga cikin waɗanda ƙasa ta rufta a kansu a Fond Balizier cikin watan Agustan bara, wanda har yau ba a ga gawarsa ba. Shekaruna sittin da uku. Shekara talatin da huɗu muka yi ni da shi muna dafa ganyen bwaden, wani itace mai ƙamshi, muna tatsar mansa, kuma ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba sai yau. Idan an ga kuskure a tsarinta, a yi mini uzuri.

1. Tun farko ina so a san cewa ban yi komai a ɓoye ba. Ranar Litinin, 14 ga Maris, ofishinka ya ba mu takardar izinin hawa gonakinmu na kan tudu da rana, muddin ba mu kwana ba, kuma ba mu sauka cikin kwarin da aka yi wa jan layi ba. Takardar tana hannuna, mai hatimi da sa hannun sakatariyarka. Zaftarewar ƙasa ta cinye gari da rumfar tukunyarmu, amma itatuwan bwaden na kan tudu suna nan tsaye, ganyensu ya yi kore shar, babu mai yanka. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san ganye ba ya zama abinci sai ya bi ta tukunya. Na samu duro mai kauri, na kafa murhu a gefen gonata da ke Tèt Morne, sama da jan layin da tafiyar kusan rabin sa'a. Abin da ya rage shi ne maciji, wato murɗaɗɗen bututun jan ƙarfe da ke kwance cikin tankin ruwan sanyi, tururi ya shiga ta bakinsa, mai ya ɗigo ta wutsiyarsa. Idan babu shi, ƙamshi kawai za ka dafa wa iska.

2. Domin an zarge ni da kwasar ƙarfen mutane, wajibi ne in bayyana inda kowane taƙi na bututun nan ya fito. Na zagaya shagunan birni sau biyu, duk inda na shiga sai a miƙo mini na roba, alhali roba ba ta jure tururi, kuma man bwaden cinye ta yake yi. Na jan ƙarfe, suka ce sai an yi odarsa daga ƙetare, ba su san watan zuwansa ba. Daga nan na koma bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Paulinus Honoré, mai sayar da kifi, ya ciro mini bututu mai tsawon ƙafa goma sha biyar daga tsohon injin ƙanƙararsa da ruwan gishiri ya kashe. Fadan cocinmu ya ba ni ƙafa goma sha biyu daga tukunyar ruwan zafi ta gidansa, yana dariya yana cewa ai wanka da ruwan sanyi ma wani nau'in tuba ne. Ma Clemencia mai burodi ta ba ni bututun gas na tandunta, ƙafa shida, ta ce ba za ta ƙara gasa burodi ba tunda masu ci sun tafi. Dukkansu suna raye, suna cikin matsugunin nan, a tambaye su.

Bututu na huɗun tsawonsa ƙafa tara ne. Ranar 19 ga Afrilu, bayan ruwan sama na kwana biyu, Paulinus ya hango wani abu yana ƙyalli a bakin kogi, can ƙasa inda yake shiga teku, a waje da jan layin. Ya ciro shi daga taɓo ya kawo mini a kafaɗa, ya ajiye a ƙofar gidana. Ya lanƙwashe, ya motse a wuri biyu. Amma ina juya shi na ga liƙin da Cuthbert ya yi masa shekarar da aka haifi autarmu, wani liƙi mai kauri mara kyan gani, wanda na daɗe ina yi masa tsiya a kansa. Guntun macijinmu ne na da. Daga gidanmu, da rumfarmu, da mutumin da na aura ina 'yar shekara ashirin da biyu, iyakar abin da kogi ya mayar mini ke nan.

A gafarce ni, ranka ya daɗe, na san wannan ba ya cikin abin da ofishi ke buƙata. Na rubuta ne domin a san mai shi.

3. Wanda ya haɗa macijin shi ne Bos Anselm Joseph, tsohon maƙerin da ya ƙera rabin tukwanen yankinmu. Shekarunsa saba'in da tara, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma inuwa kawai yake gani. Da farko ya ƙi. Ya ce bututu huɗu, kowanne da faɗinsa, ba aikin tsoho ba ne. Sai da na ɗora hannunsa a kan liƙin Cuthbert, ya shafa, ya shafa, sannan ya ce in je in ɗebo yashin bakin teku, in soya shi a kasko har ya bushe ƙarau. Mun fara ranar Litinin, 16 ga Mayu. Mun wanke cikin bututun da lemun tsami da gishiri har ruwan ya daina fita kore. Muka ɗura yashi muka toshe bakin da itace domin kada ya motse wajen lanƙwasa, muna gasa shi a wuta muna naɗa shi a kututturen kwakwa, ni ina ja, shi yana bi da tafin hannu yana cewa in ƙara ko in dakata. Hannunsa ya ƙone a wuri uku. Mahaɗa ɗaya sai da ya warware ta sau huɗu saboda yana jin iska na fita, ni kuwa ban ji komai ba. Kwana goma sha ɗaya muka yi. Ranar da muka gama ya zauna a kan duro yana haki, ya ce, "Ma Frazi, kin ga macijin nan? Uwarsa huɗu, ubansa makaho. In ya yi aiki, to, ba ni ba ne."

Ya yi aiki. Ranar Talata, 7 ga Yuni, muka ɗora tukunyar farko, ruwan sanyi yana zuwa ta indararon gora daga idon ruwan da ke sama. Da hantsi man ya fara ɗigowa. Ƙamshin ya gangara har hanya, mutanenmu da ke yankan ganye a gonakinsu suka ajiye adduna suka taho. Ma Clemencia ta dangwala da yatsa ta shafa a goshinta, ta juya baya ta daɗe tana kallon teku.

4. Ranar Alhamis, 9 ga Yuni, da misalin ƙarfe goma na safe, tukunya ta biyu tana kan wuta, jami'inka Mista Kervin Alcendor ya iso da leburori biyu a cikin a-kori-kurar Kwamiti. Bai nuna mini takarda ba, bai kuma ba ni shaidar karɓa ba. Ya ce an kawo rahoto cewa ina dafa barasar ɓoye, kuma ƙarfen daga cikin jan layi aka kwaso shi. Na buɗe masa tukunyar, ganye ne cike har baki. Na miƙa masa kwalbar man. Ya ƙi karɓa. Ranka ya daɗe, Mista Alcendor ɗan Fond Balizier ne, a bayan rumfarmu ya girma, kuma duk lokacin da mura ta kama shi yana ƙarami daga hannuna mahaifiyarsa take karɓar man da take shafa masa a ƙirji. Hancinsa ya san bambancin bwaden da barasa.

Ya umarci leburorin su kashe wutar su ciro macijin da zafinsa. Da suka kai shi mota bai shiga ba, domin bayanta cike yake da kwanon rufi. Na roƙe shi ya bari in ɗauko shi a kai in biyo su da ƙafa har ofis. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ya ce a kawo zarto. A gaban idona, da gaban Bos Anselm da ba ya gani amma yana jin ƙarar, aka datsa shi gida bakwai. Yanka na uku a kan liƙin Cuthbert ya faɗa.

5. Gaskiya ɗaya ce, kuma ba zan ɓoye abin da ke gefensa ba. Mista Alcendor ya rasa ƙanwarsa Marvlyn da 'ya'yanta biyu a rana ɗaya da na rasa mijina, kuma yana cikin waɗanda suka yi kwana tara suna haƙa. Da leburorin suka gama lodi ya tsaya a gabana, idonsa ja, ya ce da ni cikin ƙaramar murya, "Ma Frazi, yau tukunya, gobe rumfa, jibi ɗaki. Mutum nawa kike so in sake haƙowa?" Na ce masa, "Ɗana, ni ma ina da wanda ba a haƙo ba. Amma mu da muka rage, da me za mu rayu?" Ya juya ya shiga mota.

Saboda haka na san ba barasa ce ta kawo shi ba, tsoro ne. Ba na neman a kore shi, ko a rage masa matsayi. Amma tsoronsa ba doka ba ne. Idan Kwamiti ya ga Tèt Morne ma ba ta da aminci, sai a faɗa mana a fili, a nuna mana inda za mu kafa murhu, ba a yanka abin hannunmu a kira mu ɓarayi ba.

6. Na je ofishinka sau uku. Ranar 13 ga Yuni aka ce mai mabuɗin sito ba ya nan. Ranar 21 ga Yuni sakatariya ta duba littafi ta ce babu inda aka rubuta an karɓi wani abu daga hannuna, ta tambaye ni ko na tabbata motar Kwamiti ce. Ranar 5 ga Yuli na wuni a kan benci ban ga kowa ba, sai da zan tafi ɗaya daga cikin leburorin nan ya biyo ni bakin ƙofa, ya ce mini yana jin an kwashe tarkacen ƙarfen sito a babbar mota makon da ya wuce, amma bai tabbata ko nawa yana ciki ba. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, ba zan kuwa ambata ba.

7. Ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Gida shida ne suka yanka ganye suka tara a Tèt Morne suna jiran layinsu a tukunyata. Ganyen ya yi baƙi, ya ruɓe a inda yake. Mu mutanen tudu ne, an kawo mu inda babu gona, muna zaune a ƙofar gida muna jiran motar shinkafa da gwangwanin kifi. Muna godiya da ita, Allah ya saka. Amma kwana biyun nan da tukunya ta yi tana aiki su ne kaɗai, tun bara, da na ga mazan garinmu sun tashi da asuba don suna da wurin zuwa. Yanzu biyu daga cikinsu sun fara neman takardun fita ƙasar waje.

Bos Anselm kuwa tun ranar bai ƙara hawa tudu ba. 'Yarsa da ke tsibirin Gwadalup ta aiko masa da tikitin jirgin ruwa na ranar Asabar, 6 ga Agusta, kuma ya gaya mini ba dawowa zai yi ba. Ya ce idan guntayen suka zo kafin nan, zai gwada haɗa su, ko da macijin zai fito gajere. Bayan shi babu wanda ya iya wannan aiki a cikinmu.

Bisa ga abubuwan da na zayyana, ina roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi:

(a) A ba da umarnin mayar mini da guntayen bututuna guda bakwai kafin ranar 6 ga Agusta.

(b) A turo wanda Kwamiti ya amince da shi ya duba tukunyata da wurin da na kafa ta, a ba ni amsa a rubuce ko an yarda in ci gaba, ko a nuna mini wani wuri.

(c) A share zargin barasa da na sata daga kaina, domin a matsugunin nan har an fara gaishe ni da wata irin murya.

(d) Idan kuwa gaskiya ne an riga an kwashe su an narkar, to, ina roƙo da girman Allah a faɗa mini kai tsaye, kada a ce in dawo mako mai zuwa. Wata goma sha ɗaya ke nan ina jiran wanda zai ce mini an samu gawar mijina ko ba za a samu ba. Ba ni da ƙarfin yin irin wannan jira sau biyu.

Ina haɗawa da kwafin takardar izini ta 14 ga Maris, da sunayen mutum uku da suka ba ni bututu. Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon duba kukan marasa ƙarfi.

Taka cikin biyayya da girmamawa,

Euphrasie Delsol
(matar marigayi Cuthbert Delsol)

Shaida: Anselm Joseph, maƙeri. An karanta masa, ya ce haka aka yi, ya dangwala yatsa.