Ƙofar Mutum Ɗari Biyar

Zuwa ga matata, Maman Gimbiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti. Yaya masu naƙuda, yaya gajiya? Mu nan lafiya lau. Umma tana gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi. Haƙorin Gimbiya na gaba ya fita, yanzu in ta yi dariya har harshe ake hangowa. Na kira ki ya fi a ƙirga, wayarki ba ta shiga, shi ya sa na ba direban motar magani wannan takarda. Dubi abin kunya, miji mai gina shafin intanet amma da biro yake hira da matarsa.

Albishir nake tafe da shi. Hukumarku ta ba kamfaninmu aikin shafin neman canjin wurin aiki. Ranar da aka buɗe, kowace ma'aikaciya za ta shiga ta zaɓi gurbi, wadda ta riga ita ta samu. A asibitin bayan gidanmu akwai guraben ungozoma shida. Da na gani sai da na tashi na zaga ofis, har Oga ya tambaya ko lafiya.

Amma hankalina bai kwanta ba, saboda rumbun bayanai, wato inda shafin zai riƙa adana sunan kowa da gurbin da ya zaɓa. Ni da Dogo, abokin aikina, mun kusa cin kwalar juna a kansa. Shi yana son wani sabo mai gudu, wanda dubban mutane za su afka masa lokaci ɗaya bai girgiza ba. Aibinsa ɗaya, yana karɓa tukuna ya tantance daga baya. Mata biyu za su iya danna gurbi ɗaya tare, ya yi wa kowace barka. Nawa tsoho ne mai nawa, yana kulle gurbi har sai ya sallami mutum ɗaya. Sai dai a na'urar da muke da ita, mutum ɗari biyar kawai yake ɗauka a lokaci guda, sauran su jira a layi.

Na ce musu ba zan gina abin da zai sa mace ta ɗaure kayanta, ta yi sallama da maƙwabta, sannan a ce mata kuskure ne ba. Ke nake tunawa ina maganar. Oga ya bi bayana. Dogo kuwa tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a daƙile.

Na yi lissafi. Ma'aikatan ba su wuce dubu huɗu ba, layin zai tafi. Ke dai ki hau wajen tankin ruwan nan da kike samun sabis, tun kafin a buɗe. Kuma don Allah kada ki ba kowa kalmar sirrinki. Na gaji da yi wa yarinyar nan kitso da waɗannan hannuwan nawa, 'yan ajinsu har dariya suke mata.

Ki huta lafiya.

Mijinki mai kewarki,
Baban Gimbiya

Zuwa ga Maman Gimbiya,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Mu ma lafiya, sai dai zuciya babu daɗi. Na san kin riga kin sani, amma ina so ki ji daga bakina yadda abin ya faru jiya.

Muna buɗe shafin, kafin na ajiye kofin shayi, layi ya haura mutum dubu ashirin. Na zaci wasu ne suka kawo mana hari. Ashe ba hari ba ne, zumunci ne. Ni ma'aikata na ƙirga, ban ƙirga 'yan'uwansu ba. Kowace ta ba mijinta kalmar sirri, ta ba ƙanenta, ta ba mai shagon kwamfuta na bakin titi, wai duk wanda ya riga shiga ya danna mata. Sai ki ga suna ɗaya ya shigo ta waya biyar, kowace waya ta tare wurin mutum guda a cikin ɗari biyar ɗin nan. Suna ta ja-in-ja a kan suna ɗaya, rumbun yana kullewa yana jira, layi ya tsaya cak.

Wayar ofis ta dinga ƙara. Mutumin hukuma ya zo da kansa ya tsaya a bayan kujerata yana huci. Dogo ya harɗe hannu yana kallon silin, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Gumi ya jiƙa mini riga ga fanka tana juyawa. Na ga in aka ƙara jinkiri shafin zai faɗi gaba ɗaya.

Sai na kawo shawara, duk sunan da aka shigo da shi ta waya fiye da ɗaya a fitar da shi, a mai da shi ƙarshen layi. Oga ya ce in yi. Na rubuta, na danna. Nan take shafin ya yi numfashi, layi ya kama tafiya. Kafin rana ta take an gama, ba a ba mutum biyu gurbi ɗaya ba ko sau ɗaya. Mutumin hukuma har ya ba ni hannu.

Duk tsawon aikin ban nemi sunanki ba, don na yi wa kaina alkawarin haka. Sai da aka rufe na buɗe asibitin bayan gida. Guraben shida sun cika, babu ke. Na daɗe ina kallon allon. Na san sabis ɗin wurinku ne ya ci amanarmu, kuma ina ta zargin kaina da ban ce ki taho nan ki yi ba. Me ya sa ba ki kira ni ba? Shirunki ya fi komai damuna.

Ban faɗa wa Gimbiya ba tukuna.

Naki har kullum,
Baban Gimbiya

Zuwa ga matata,

Ina gaishe ki, ina fatan jikinki lafiya, don zuciya kam na san ba lafiya ba. Direba ya dawo bai kawo amsa ba. Ya ce kin karɓa kin sa a aljihu. Ban ga laifinki ba.

Ƙanwata Auta ta zo ofis yau, ido ya kumbura, ta faɗa mini komai. Kin ji tsoron sabis ɗin tanki, kin ba ta kalmar sirri, kin roƙe ta kada ta gaya mini don kin san halina. Ita kuma don son ki ta ba Yayanmu, ta sa a wayar Umma, ta kira matar maƙwabci. Suka zauna a falonmu su huɗu, ke kina can kan tudu ta biyar. Ta ce tana cikin na farkon shiga. Ta ga asibitin bayan gida, gurabe huɗu a buɗe, ta zaɓa, saura ta danna tabbatarwa. Sai allon ya yi fari, ya ce ta koma layi.

Ni ne, Maman Gimbiya. Hannuna ne ya fitar da ke. Auta tana ta ba ni haƙuri, ni ban ma san wa zai ba wa haƙuri ba. Umma ta ƙi cin abinci, wai da ta san tsohuwar wayarta za ta jawo haka da ta jefa ta a kwata.

Dogo ya ji labari, ya jawo kujera kusa da ni, karo na farko tun rigimarmu. Ya ce hukuma ba ta karɓi sakamako ba tukuna, zai iya cire ta shida cikin waɗanda suka samu gurbin ya sa ki, babu mai sani. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Wallahi har na kai hannu kan na'urar. Amma ita ta shidan nan an riga an yi mata barka. Wataƙila yanzu tana ɗaure kaya, wataƙila ita ma tana da yarinya. Na ce masa a'a. Ki yafe mini wannan ma, don ina sane na yi.

Akwai abin da ke cina. Da na bi maganar Dogo tun farko, da babu layi, da wataƙila kin samu, ko da ke da wata za ku tarar da juna a kujera ɗaya. Har yanzu ina ganin zaɓina daidai ne, kuma hakan bai rage mini zafin komai ba. An ce sai bayan shekara biyu za a sake buɗewa.

Gimbiya ta ji Umma da Auta suna magana. Ba ta yi kuka ba. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni ko ita ma akwai shafin da za ta shiga ta nemi canji zuwa wurin mamarta. 

Na san ni na dage ta zauna nan, saboda makarantar can nisa gare ta, kuma ba ta kai ta nan ba. Na janye. Yarinyar nan uwarta take so, ba za ta iya jiran shekara biyu ba. Na yi magana da shugabar makarantarsu, na wanke kayanta na shirya a akwati. Ranar da motar magani za ta dawo, ki fito bakin hanya, muna ciki. Zan kwana ɗaya in juyo ni kaɗai.

Mijinki,
Baban Gimbiya