Muryarki da Na Saki a Taron Sokode

Ya Khairiya, sanyin idona, ruwan randar da ke kashe mini zafin garinmu Dapaong, wadda sunanta ke hana ni haɗiyar abinci,

Da hagu nake rubuta miki, ki yi haƙuri da karkatar rubutun. Na daman yayanki Wahabu ya karya shi gida biyu da ƙotar gatarin da yake sarar ƙashi a mahauta, can bayan zauren taro, abokansa uku suna danne da ni. Haƙora biyu na tofar a ƙasa. Da jandarma suka zo, cewa na yi daga babur na faɗi. Ai ni na jawo.

Kin tuna safiyar nan? Taron masu kwamfuta, ana ta kiran a buɗe ilimi, a zuba harsunanmu a intanet kowa ya ɗiba kyauta. Kina layin mata cikin shuɗin mayafi, ina satar kallonki, kaina ya ɗau zafi. Da aka tambaya wa ke da Hausar zango a wayarsa, sai na miƙe kamar an tsikare ni, na ba su saƙon muryarki: waƙar niƙa ta kakarki, wadda kika rera mini ni kaɗai. Wallahi na manta da ƙarshenta, inda kika kira sunana a hankali sau uku. Lasifika ta kwarara shi a kan mutum ɗari uku, ana kuma haska taron kai tsaye a intanet. Ni da ko goro iyayena ba su kai gidanku ba! Kafin la'asar saƙon ya shiga wayar duk wata gwaggo daga Sokode har Aouda.

Hannuna ba komai ba ne. Ƙawarki Memounatou ta ce Wahabu ya maka wayarki da bango, ya fasa miki leɓe. Leɓen nan da ya rera mini waƙa? Da na ji, na rotsa kwamfutata da ƙasa, na tattake ta har gilashi ya shige tafin ƙafata. Me ya amfana? Masu taron sun cire bidiyon daga intanet, amma an riga an kwafe, duniya ta ɗauka. Ki gaya wa Wahabu, ga ɗaya hannun in bai ƙoshi ba. Amma ya sake taɓa ki, zan manta ciki ɗaya kuka fito.

Ranar Juma'a kawuna Mahama zai hau motar Sokode da goro, ina biye da shi. Ko babanki ya karɓa, ko ya watsa mana shi a fuska, zan iya ɗauka. Amsarki nake tsoro, ke da na tona wa asiri ina murmushi. Ki yafe mini, Khairiya. In kuwa ba kya son ganina, aiko Memounatou da kalma ɗaya, zan zauna. Amma goron nan ba zai shiga wani gida ba har a sa ni a ƙasa.

Naki, ko kin karɓa ko kin ƙi,
Sharifuddeen