Dalma Uku a Tsumma

Ɗan Kassari, 4 ga Maris

Yayana Zakariya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya iyali, yaya zafin Yamai? Mu jiki lafiya, hankali ne dai ba kwance ba.

Damisa ta sauko daga dutsen gabas ta kashe awaki biyar, biyu namu ne. Baba ya ce a bar masa ita da karnukansa. A ganinsa kare ya kore ta ta hau itace da rana tsaka, ka dube ta da kyau, in mai shayarwa ce ka ƙyale ta. Mai gidana, Baban Rahina, ya ce karnuka uku tsofaffi damisa farke su za ta yi, gara a rataya mushen akuya, mutum ya laɓe ya jira ta da bindiga. Baba ya ce wannan ba farauta ba ce, mai kwanto duk abin da ya motsa shi yake harbi.

Ka san kunyar surukai. Shekara goma sha ɗaya ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba, balle su yi gardama. Ni ce 'yar aike, in kwaso magana nan in kai can, in rage mata yaji a hanya. Wallahi na gaji.

Ka gai da yara.
Ƙanwarka, Ladidi

Ɗan Kassari, 11 ga Maris

Yayana,

Ina gaishe ka, da fatan kuna lafiya. Na rubuto ne don bakina ba zai iya faɗin wannan a waya ba.

Ran Laraba Baba ya hana karnuka abinci, yadda ya saba jajibirin farauta don hancinsu ya yi kaifi. Ya ce in gaya wa mai gidana kada kowa ya kusanci dutse da asubar Alhamis. A ranar kuma Baban Rahina ya ce in gaya wa Baba ya ɗaure karnukansa, don shi ya riga ya rataya mushe a tsamiyar gindin dutse. Yaya, ban kai ko ɗaya ba. Na ji tsoron kowa zai ɗauka ɗan'uwansa tsokanarsa yake yi, na ce bari su huce tukuna.

Da asubar Alhamis Baba ya saki karnuka. Gwarzo, jan karen nan da ya rena da nonon akuya, shi ya riga sauran. Yunwa ta kai shi kan mushen. Gari bai gama wayewa ba, Baban Rahina ya ga jan abu yana jan nama, ya saki wuta.

Da ya ga Gwarzo ne ya kashe, ya binne shi cikin rairayin ƙorama ya dawo gida. Ya kasa cin tuwo. Baba kuwa kullum da safe yana gindin dutse yana fito, wai ko Gwarzo rauni ya ji ya ɓuya. Ina jin fiton daga bakin rijiya, in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ka sa ni cikin addu'a.
Ladidi

Ɗan Kassari, 20 ga Maris

Yayana Zakariya,

Gaisuwa irin ta kullum. Allah ya sa kuna lafiya. Saƙonka ya iso, ka ce in faɗa wa Baba gaskiya. Na makara.

Ashe mun manta wane ne Baba. Mutumin da ke bin sawun zomo a kan dutse, yaya za a ɓoye masa kabari a rairayi? Jiya ya kira ni zaure. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na ji sanyi. Ya tambaye ni ko na kai saƙonsa ran Laraba. Na fashe da kuka. Ya ce in share hawaye, sauran karnukan biyu ya ba wani mahalbin garin Sukukutane, shi ya bar daji ke nan. Damisa tana nan, shekaranjiya ma ta ɗauki tunkiya, ko tambaya bai yi ba.

Da zan fita ya miƙo mini ƙullin tsumma, ya ce in kai wa mai gidana, kayansa ne, ya tsince su a ƙirjin Gwarzo. Dalmar bindiga ce guda uku, ya wanke su tas. Ya ce wannan saƙon dai kada in rage shi a hanya.

Na kai, Yaya, hannu da hannu.

Taka har kullum,
Ladidi